Cokula Shida A Aljihun Rigata

Da shugabannin wannan zaure suka ce layi ya zo kaina a wannan makon, sai da na kwana biyu ina juya abin da zan kawo muku. Mafi yawanku da gajerun labarai kuka san ni, wasu kuma mun haɗu a taron ƙungiya mun ci shinkafa a faranti ɗaya. Kaɗan ne suka san inda nake samun na cefane. To yau zan faɗa da bakina: ni kuku ne. Shekara biyar ke nan ina aiki a kicin ɗin wani gidan abincin Italiya a Abuja, shekara biyun ƙarshe a matsayin su-shef, wato mataimakin shugaban kicin. Ba zan kama sunan gidan ba, don har gobe can nake neman abinci.

Sai da na shekara uku ina ɓoye wa Baba. Duk lokacin da ya tambaya sai in ce, "Baba, harkar otal ce, ɓangaren kula da baƙi." Ban yi ƙarya tsagwaronta ba, tunda diflomar da na yi a Poly ta harkar otal da kula da baƙi ce. Amma kun san halin garinmu. Mai shayi da mai tsire da mai balangu, duk wuta suke hurawa, babu mai ɗaga musu gira. Kai kuwa ka ce miya kake haɗawa, nan take za a fara gyaran murya ana kallon juna.

Ta ƙofar baya na shiga gidan, lokacin aikin sanin makama na shekara ɗaya da ake yi bayan difloma. Takardata ba ta hana a miƙa mini soso da sabulu ba. Wata huɗu ina wankin tukwane, wata uku ina yankan albasa da karas da seleri, waɗanda Italiyawa ke fara soyawa a hankali kafin su ɗora miya da dama. Abin da ya fitar da ni daga wajen albasa kuwa, Umma ce, ba ta ma sani ba.

Tun ina ɗan shekara tara ni ne mai juya mata hannun injin taliya. Ita za ta kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, ni in murza, mu shanya a igiya cikin ɗaki, yara su zo saye a ci da manja da yaji. Wata Asabar mai yin taliyar gidanmu na Abuja bai zo ba, ga oda ta taru. Shef, wani dattijon Ba'italiye ɗan yankin Bolonya, ya tsaya tsakiyar kicin yana tambayar wa ya taɓa riƙe inji. Na ɗaga hannu ina jin kunya. Ya ba ni ma'auninsu: kowane giram 100 na fulawa, ƙwai ɗaya, a murza minti goma, a rufe kwaɓin ya huta rabin awa. Da na fara zura shi a inji, hannuna ya tuna abin da ya sani. Na san lokacin da kwaɓi ke neman a barbaɗa masa gari, na san nauyin da yake yi idan ya kusa yagewa. Shef ya ɗaga shimfiɗar a gaban fitila har yana hango yatsunsa ta ciki, ya tambaye ni a wace makaranta na koya. Na ce a ɗakin uwata. Daga baya na nuna masa cewa tsakanin taliya da Italiya harafi ɗaya ne, ya yi dariya har da tari.

Bari in ɗan yi wa wanda bai sani ba bayanin mene ne su-shef. Kalmar daga Faransanci take, ma'anarta wanda ke ƙarƙashin shugaba. Tsarin da manyan kicin na duniya ke bi ana danganta shi da wani Bafaranshe, Auguste Escoffier, wanda ya taɓa yi wa sojoji girki a yaƙin 1870, ya kuma riƙe kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan daga 1890. Shi ya raba aikin kamar na bariki: kowa da teburinsa, kowa da wanda yake amsa wa. A wajenmu akwai mai taliya da shinkafa, mai nama da kifi, mai fiza, mai kayan sanyi da na zaƙi, sai masu wanki. Shef shi ke tsara abin da za a dafa, sunansa ne a bakin baƙi. Ni kuma nawa shi ne in tabbatar farantin da ya tsara ranar Litinin shi ne ya fita ranar Asabar, ko yana nan ko ba ya nan.

Ina barin Mararaba da ƙarfe takwas don in isa kafin goma. Abin da nake fara dubawa shi ne firij: ya kwana a ƙasa da digiri 5 ko an ɗauke wuta janareto ya yi gardama? Daga nan sai karɓar kaya. Ganye da seleri daga Jos, tumatir daga kasuwa, kifi, nama, kowanne sai na ɗora a sikeli, don mai kawo kaya ɗan Adam ne. Sai jadawalin ma'aikata, wa ke hutu, wa ya roƙi a canza masa rana. Sai lissafi, wanda shi ne ɓangaren da babu wanda ya gaya mini zan yi. Cukun da ake kira Parmigiano ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye, dunƙule ɗaya yana kai kilo 40, an kuma ƙarar da madara sama da lita 500 kafin a same shi. Daga Italiya ake kawo shi, da kuɗin waje. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,500, sai da muka sa wa firij ɗin cuku kwaɗo. Ni ke riƙe makullin, ni ke auna giram nawa zai hau kowane faranti. Wanda ya yi difloma don gudun lissafi, ga shi ya dawo yana kwana da kalkuleta.

Ƙarfe bakwai na dare kicin ke zama wani gari daban. Ina tsayawa a tagar da ke tsakaninmu da masu kai abinci. Takardar oda ta fito, in karanta da ƙarfi, kowane tebur ya amsa. Ka ɗauki mutum huɗu da suka zauna tare. Ɗaya ya nemi risoto, shinkafar da ake dafawa ana zuba romo ludayi-ludayi ana juyawa, minti 18 take ci. Ɗaya ya nemi sufageti, minti tara ko goma. Ɗaya gasasshen nama, wanda sai ya huta bayan an sauke. Na huɗun fiza, wadda a tanda mai zafin sama da digiri 400 ba ta wuce minti ɗaya da rabi. Dole duka huɗun su iso tagar tare, da zafinsu. Aikina ne in riƙe agogon nan huɗu a kaina, ga wasu tebura goma kowanne da nasa. Kuma kafin faranti ya fita, sai na ɗanɗana. Shi ya sa kullum akwai ƙananan cokula shida a aljihun rigata, kowanne sau ɗaya yake shiga baki a jefa shi wanki.

Harshen ma sai da aka sake mini tarbiyyarsa. Na taso a gidan da miya ba ta cika sai da dunƙule da daddawa da yaji, ga shi na faɗa kicin ɗin da babu dunƙule ko ƙwaya ɗaya. Ruwan taliya yana da doka: lita ɗaya ga giram 100, gishiri giram 10. Ana tsame ta da sauran ƙarfi a tsakiya, abin da suke kira al dente, wato haƙori ya ji ta, a ƙarasa ta cikin miya da ɗan ruwan da ta dahu a ciki. Akwai wata taliyar mutanen Rum da ba a sa mata komai sai cukun nonon tumaki da masoro. Ranar da Shef ya fara sa ni yin ta sai da na lalata faranti biyar, cukun ya dunƙule kamar danƙo don wuta ta yi yawa. Ya ce mini girkin da kayansa uku ne ba shi da labulen da za ka ɓuya a baya.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na zaɓi wannan maudu'in. Girkin Italiya yana da alade, yana da giya. Karbonara ta asali ƙwaiduwa ce da cukun tumaki da masoro da kumatun alade da aka jiƙa da gishiri aka busar. Risoto ana zuba masa farar giyar inabi bayan an soya shinkafar. Ranar da Shef ya kira ni ofis ya ce zai ɗaga ni zuwa mataimakinsa, kafin in yi godiya na ce, "Shef, akwai magana. Alade da giya ba sa shiga bakina." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce su-shef da ba ya ɗanɗana wani sashe na abinci direba ne mai ido ɗaya. Na ce haka ne, amma ana samun mai ido ɗaya da ke kai fasinja gida idan yaron motarsa na ƙwarai ne. Muka yi yarjejeniya. Mai teburin nama, wata 'yar Biniwai da ta girme ni da kusan shekara goma, muna kiranta Anti, ita ke taɓa alade da kaskonta daban da allon yankanta daban. Duk farantin da ba zan iya ɗanɗanawa ba, harshenta ne nawa. In ta gyaɗa kai, ya fita.

Tsarin ya yi wata bakwai lafiya lau, sai wata Juma'a cikin Disamba, lokacin da gidan ke cika har da masu jira a tsaye. Shef ya tafi gida Italiya hutu. Ƙarfe shida aka bugo wa Anti waya ɗanta ba lafiya, na ce ta tafi. Wani sabon yaro da bai fi wata biyu da zuwa ba ya karɓi teburinta. A ranar kuma aka buɗe sabon ƙunshin naman nan, ashe ya fi wanda muka saba gishiri nesa ba kusa ba. Yaron ya sa gishirin ruwa yadda aka koya masa, cukun ma mai gishiri ne, ga naman. Karbonara shida ta iso tagar. Na duba kala, na duba kaurin miyar, na goge bakin faranti, na ce a fita da su. Huɗu suka dawo.

Abin da na yi daga nan shi ne abin da har yau in na tuna nake runtse ido. Na juya kan yaron a gaban kowa, na zazzaga masa abin da ba zan maimaita a zauren nan ba. Ya bari sai da na gama, hannunsa na rawa, ya ce, "Oga, ai na ce maka a samo wanda zai ɗanɗana, ka ce in yi sauri." Kicin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Gaskiya ya faɗa. Kuma laifina ya fi haka zurfi. Tun ƙarfe shida da Anti ta fita ina da ikon in ce yau babu karbonara, a gaya wa baƙi ta ƙare. Ban yi ba don ina tsoron manaja ya ga cewa rashin ɗanɗanona yana jawo wa gidan asara, ya ce an yi kuskuren ɗaga ni. Na zaɓi in tura abin da babu wanda ya san ɗanɗanonsa zuwa bakin mutane don in kare kujerata, da ya fashe kuma na nemi wuyan da ya fi nawa laushi na rataya masa.

Washegari manaja ya kawo takardar asara, ya riga ya rubuta sunan yaron don a cire daga albashinsa. Na karɓi biro na soke, na sa nawa. Kuɗin ya yi mini ciwo, don a watan ne ake biyan kuɗin makarantar ƙanwata. Kafin a kunna wuta na tara kowa na ba yaron haƙuri a inda na ci masa mutunci. Anti, da ta dawo ta ji labari, ba ta ce komai ba sai da muka keɓe. Ta ce, "Ƙanina, wanda ke tsakiya duka biyu yake sha, na sama da na ƙasa. In ka ce duk wanda ya sauko maka sai ka miƙa wa na ƙasa, ba za ka samu mai tsaya maka ba ranar da kake buƙata."

Bayan wata uku jarrabawar ta dawo ta wata fuska. Mai kai abinci ya leƙo taga ya ce wani Alhaji da iyalinsa suna tambaya ko akwai giya a risoto. Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa ya saba gaya wa baƙi babu, ai wuta tana ƙone ta. Shef da ke bayana ya gyaɗa kai, shi ma abin da ya yi imani da shi ke nan tun yana yaro. To amma ba haka abin yake ba. Dahuwa tana rage barasa, ba ta ƙarar da ita duka, balle dahuwar minti 18. Ko da ma tana ƙarewa, mutumin ya tambayi abin da aka zuba ne, ba abin da ya rage ba. Na ce, "Koma ka ce masa akwai. Ka ce in yana so zan yi masa wanda babu." Shef ya ce risoto ba giya ba risoto ba ne, kuma a kicin ɗinsa ba a canza girki don tebur ɗaya. Na ce, "Shef, mutumin nan ba ya ganin tukunyarmu. Abin da muka gaya masa shi zai haɗiya." Ban taɓa mayar masa da magana a gaban ma'aikata ba sai ranar, kuma na san abin da hakan ke iya jawowa.

Ya naɗe hannu ya ce in yi ya gani. Na riga na san aikin da giyar ke yi a ciki: tsami take kawowa, don ya yanke maiƙon bota da cuku. Na soya shinkafar har ta fara sheƙi, na zuba romo mai zafi a inda ake zuba giya, na yi ta juyawa, da ta kusa na matsa lemon tsami kaɗan, na sauke, na buga bota mai sanyi da cuku har ta yi laushi tana malala a faranti. Shef ya zaro cokali daga aljihuna, ba daga nasa ba, ya ɗanɗana. Ya yi shiru. Sai ya ce, "Ƙara bota." A bakinsa wannan lambar yabo ce. Yau a takardar abincinmu duk abin da ke da alade ko giya an sa masa alama, kuma akwai risoto iri biyu. Na kuma haɗa wata taliya da ƙwaiduwa da kyafaffen naman sa, tana fita sosai, amma ya rantse ba za a kira ta karbonara ba muddin yana raye. Muka sa mata wani suna, kowa ya huta.

Kada ku ɗauka ina cewa komai ya warware. Har yanzu akwai alade a firij ɗin da nake dubawa kowace safiya, har yanzu muryata ce ke kiran odarsa. Na kai maganar gaban malamin unguwarmu, bai tsine mini ba, bai kuma shafa mini kai ba. Ya ce in kiyaye abin da zan iya, in kuma riƙa neman ƙofar fita. Na san a cikinku akwai waɗanda za su ce tun jiya ya kamata in bar wajen, ban ce sun yi kuskure ba. Ina zubin adashe, ina da littafin da nake rubuta ma'aunin duk abin da na koya, burina ɗan ƙaramin waje nawa inda kowane faranti zan iya kai cokalina. Kafin ranar ta zo, abin da nake iya riƙewa shi ne kada wani ya ci abin da aka yi masa ƙarya a kai, kada kuma wani yaro ya biya kuɗin kuskurena.

Ina karanta labaran da muke turowa nan kowane mako. Sau da yawa jarumi yana kai jaruma wani haɗaɗɗen gidan abinci a Maitama, a jera musu faranti, a bayyana kalar labule da ƙamshin turarenta. Ban taɓa ganin wanda ya tura ƙofar nan mai lilo ya shiga ciki ba, inda mutum goma sha biyu ke tsaye awa goma cikin zafi, kowanne da abin da ya baro a gida. Ni kaina ban rubuta ba, don kunya. A zauren nan akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai malamar asibiti, akwai mai sayar da data, amma kusan dukkanmu gidan attajirin da ba mu taɓa shiga ba muke rubutawa. Ina roƙon wanda layi zai zo kansa mako mai zuwa ya ba mu labarin inda yake wuni.

Baba kuwa, a ƙaramar sallar bara na gaya masa. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko ana biyana a kan lokaci, ko ina samun yin salla. Na ce eh. Ya ce, "To tashi ka dafa mu gani." Umma ta zaro tsohon injin nan daga ƙarƙashin gado, na murza taliya da ƙwai, na yi miyar tumatir da tafarnuwa da man zaitun da na taho da shi, na tsame ta daidai yadda Shef zai yi alfahari da ni. Baba ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ajiye cokali. Ya kalli Umma ya ce, "Shekara biyar yaron nan yana Abuja, har yau bai iya bari taliya ta dahu ba." Na mayar da ita wuta minti biyar, na kawo masa yaji. Ya cinye, ya nemi ƙari.

Gyara da shawara ƙofa a buɗe take. Sai dai in amsa ta yi jinkiri ku yi mini uzuri, ba na taɓa waya sai an kashe wuta, wajen sha ɗaya da rabi na dare.